Kunne na ƙara, wuya na ciwo: wanne ya jawo wanne?

Hanyar da mai ƙarar kunne yake bi a Zangon Kumasi kusan ɗaya ce. Da fari ya tsaya wurin mai kemikal na bakin layi a ba shi maganin ɗigawa. In bai ji dama ba, wata tsohuwa a gida ta ce a gwada ruwan albasa ko mai mai ɗumi. Daga nan sai mai maganin gargajiya da ke shela a cikin trotro, motar haya, ko wanda ake ji a rediyo da sassafe. Can bayan wata da watanni, da yake wuyan ma yana damunsa, sai a tura shi hoto, takarda ta fito da kalmar nan da kowa ya haddace yanzu, sifondilosis, wato gogewar ƙashin wuya. Shi ke nan, a ganinsa an kama ɓarawo: ƙashin wuya ne ya danne jijiya, jijiyar ce take kuka a kunne, in an gyara wuya an huta.

Maganar ba tsagwaron ƙarya ba ce, amma kuma ba haka take kai tsaye ba. Wuya yana da hannu a ƙarar kunnen mutane da yawa, wannan likitoci sun yarda da shi. Sai dai galibi ba shi ya haifi ƙarar ba, yana ɗaga ta ne ko ya sauke ta. Wannan bambancin shi zai nuna wa mutum inda zai kai kuɗinsa, da kuma wanda bai kamata ya miƙa wa wuyansa ba.

Ita ƙarar, wadda a asibiti ake kira tinitus, ba daga dodon kunne take fitowa ba, shi ya sa ɗiga magani ba ya taɓa ta sai in dauɗar kunne ce ta toshe hanya ko akwai ciwo a ciki. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan bututu a nannaɗe, cike da ruwa, a jikinsa akwai ƙwayoyi masu siraran gashi wajen 15,000 a kowane kunne. Su ne suke karɓar motsin sauti su mayar da shi saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. Hayaniya mai ƙarfi tana kashe su, tsufa yana rage su, wasu magunguna suna lalata su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Da zarar saƙon da ke zuwa ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙaimi wajen saurare. Wanda ya taɓa murɗa rediyo don kamo tasha mai nisa ya san abin: kana ƙara murya, shuuu ɗin nan na ƙaruwa tare da ita. To ƙarar kunne shuuu ɗin ƙwaƙwalwa ce. Shi ya sa mutum zai toshe kunnuwansa biyu da yatsu, ƙarar ta ƙara fitowa fili maimakon ta tafi.

Kusan kowa yana da ita a ɓoye. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun shigar da mutum 80 masu lafiyayyen ji ɗaki mai hana sauti shiga, suka bar kowa 'yan mintoci. Kashi 94 cikin ɗari sun fito suna cewa sun ji ƙugi ko fito ko ziii. A 2022 kuma aka tattara binciken ƙasashe da dama, aka ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin ɗari na manya suna da ƙarar kunne, wato sama da mutum miliyan 740, amma waɗanda take gallaba wa ƙwarai kimanin kashi 2 ne. Ke nan masu ita da yawa suna zaune lafiya da ita. Tambayar ita ce me ke fitar da mutum daga rukunin farko zuwa na biyu.

A nan wuya yake shigowa. Tashar farko da saƙon ji yake sauka a gindin ƙwaƙwalwa ba saƙon kunne kaɗai take karɓa ba. Jijiyoyin da ke kawo labarin saman wuya da ƙeya, musamman daga wajen ƙashi na biyu cikin ƙasusuwan wuya bakwai, suna aika reshe zuwa can, haka ma babbar jijiyar fuska da muƙamuƙi. Akwai hikima a wannan haɗin: ta haka ƙwaƙwalwa take sanin cewa kai ne ka juya kanka ko kake tauna, ba wani abu ne ya motsa a waje ba. Wani likita a Boston, Robert Levine, ya bayyana wannan nau'in ƙarar a 1999, ita kuma Susan Shore ta Jami'ar Michigan ta shafe shekaru tana bin sawun jijiyoyin a jikin ɓeran Masar. Abin da ta gano shi ne ya fi muhimmanci ga maganarmu: idan ji ya raunana, saƙon wuya da muƙamuƙi yana ƙara samun faɗa a ji a wannan tashar. Wato kunne ne yakan fara buɗe ƙofa, sannan wuya ya shigo ya yi kane-kane.

Mutum yana iya gwada wannan a ɗakinsa. Ya zauna inda ba hayaniya, ya saurari ƙarar, sannan ya cije haƙora da ƙarfi na ɗan lokaci. Ya tura muƙamuƙinsa gaba. Ya sa tafin hannu a goshi ya danna kai a kansa ba tare da kan ya motsa ba, ya yi haka ta gefen dama da hagu. Wajen biyu cikin uku na masu ƙarar kunne za su ji ta canza, ta ƙaru ko ta yi siriri ko ta lafa. Amma a yi hattara, wannan kaɗai bai nuna wuya ne mai laifi ba, ya nuna dai haɗin jijiyoyin yana aiki, kuma har wasu da ba su da ƙarar sam sukan ji ta taso in sun cije haƙora sosai. Abin da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kai a 2018 ya fi haka tsauri. Ana zargin wuya ne idan ƙarar da ciwon wuyan sun fara tare, ko suna tashi tare suna kwantawa tare, ko ƙarar ta biyo bayan bugu a kai ko wuya, kamar faɗuwa daga babur ko karon pragya, babur mai ƙafa uku, ko kuma wani zama ko kwanciya na musamman yana tayar da ita.

Dubi mai ɗinki a Sawaba ana saura mako biyu Sallah. Kujerarta benci ce marar majingina, keken ya yi mata ƙasa, kwan lantarkin yana bayanta, don haka sai ta sunkuya har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji kafin ta ga bakin zare. Waya tana maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, mai kaya na tambayar ko an gama. Tana taune da cingam don kada barci ya ɗauke ta. Wajen ƙarfe ɗayan dare ta miƙe, ƙeya ta riƙe, ta ce wa yayarta: "Yaya, abin nan ya dawo. In na waiga hagu sai ya canza murya." Yayar ta ce: "Ke dai ki sha maganin ciwon jiki ki kwanta, gajiya ce." Bayan Sallah da kwana huɗu, aiki ya yi sauƙi, wuya ya saki, ƙarar ta koma can ƙasa inda take da. Wannan ita ce siffar da ake nufi, kuma mai irinta tana da dalilin sa rai da gyaran wuya.

Haka 'yan kayayo, mata masu dako, da ke jigila tsakanin Kejetia da tashoshin mota, da babbar tasa a kan gammo, nauyin yana sauka kai tsaye a ƙashin wuya daga safe har yamma. Su kam ba sa zuwa asibiti da wannan kuka, don yinin da aka yi a layi yinin da ba a samu ko sidi ba ne.

Amma je ka Magazine a Suame, unguwar masu gyaran mota, ka ga inda lissafin yake rikicewa. Mai gyaran jikin mota yana kwance a ƙarƙashinta, wuya a karkace, yana dukan ƙarfe da guduma, kusa da shi wani yana yanka da injin gurza. Shekara ashirin yana haka. Wuyansa na ciwo, kunnensa na ƙara, ga hoto ya nuna ƙashi ya goge. Shi zai ce wuya ne, don shi yake jin zafinsa. In aka auna jinsa kuwa, sau da yawa za a tarar siraran sautuka sun riga sun tafi, shi bai lura ba, ya dai san cewa a cikin taro yana jin magana amma ba ya tantance ta, kuma yaransa sai sun ce "Masta!" sau biyu. Irin wannan ko an gasa wuyansa shekara guda ƙarar ba za ta ɓace ba, domin tushenta a kunne yake.

Hoton ma kansa bai kai yadda ake girmama shi ba. Gogewar ƙashin wuya abu ne da ke zuwa da shekaru, mafi yawan waɗanda suka haura 60 in aka ɗauke su hoto za a gan ta, alhali da yawansu ba abin da ke damunsu. Takarda ta ce sifondilosis ba ta ce shi ya kawo ƙara ba. Abin da ya fi hoto faɗin gaskiya shi ne hannun mai duba wuya: ina ne ya ƙage, wace tsoka ce in an danna take harbawa zuwa ƙeya ko bayan kunne, kuma shin ƙarar tana motsi lokacin da ake dannawa.

To in an gyara wuyan, nawa ake samu? Gwajin da aka fi ambata shi ne na Sarah Michiels da abokan aikinta a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda ya fito a 2016. Sun zaɓi mutum 38 masu ƙarar kunne da ciwon wuya tare, aka yi musu gashi da motsa jiki zama 12 cikin mako shida. Da aka gama, kashi 53 cikin ɗari sun ce sun sami sauƙi sosai. Bayan wasu mako shida, kashi 24 ne sauƙin ya ɗore musu. A ganina wannan lissafin ya isa a gwada, bai isa a yi alkawari ba. Mutanen kaɗan ne, kuma an tace su tun farko. Duk wanda ya ce maka zai cire maka ƙarar kunne ɗungurungum ta hanyar wuya, ya faɗi abin da waɗanda suka auna ba su faɗa ba.

Akwai kuma gyaran da ya fi cutar haɗari. Wasu masu aski sukan kama kan mutum bayan sun gama su murɗa shi ya yi ƙas, wasu masu ɗori da tausa ma haka, mutum ya tashi yana jin wasai. Jijiyoyin jini biyu da ke ciyar da bayan ƙwaƙwalwa ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suke bi. Fizgar wuya da ƙarfi tana iya tsaga bangon ɗaya daga ciki, jini ya dunƙule, a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. Ba kullum yake faruwa ba, amma in ya faru ba a mayar da shi, kuma ba a san ya taɓa warkar da ƙarar kunne ba. Abin da masu gashin ƙashi na asibiti, 'yan fisiyo, suke yi daban ne: motsi a hankali, sassauta tsokar da ta ƙulle, da koya wa mutum atisayen da zai ƙarfafa tsokokin gaban wuya a gida. Ɗaure wuya da kwala yini guda kuwa raunana tsoka yake yi, sai in likita ne ya sa saboda rauni.

Yawancin masu cewa ƙarar ta ƙaru musu kwanan nan, in aka bi diddigi, ba wuya kaɗai ba ne. Hayaniya ce ta farko. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa takwas (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a desibel 100 ya koma kwata ɗaya na awa. Injin gurza ƙarfe yana kaiwa nan. Wanda ba shi da na'urar awo ya yi amfani da wannan: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ɗaya ya ji ka, wurin ya isa ya cuci kunne. Hukumar kare muhalli ta Ghana ta sa iyakar unguwannin zama a desibel 55 da rana, 48 da dare, amma wanda ya taɓa zama kusa da lasifikar biki a Alabar ko Akwatia Line, inda ake jera akwatuna har sun fi mutum tsawo a tsakiyar titi, ya san dokar tana takarda. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mata da goyo a gindin akwatunan nan.

Na biyu magani. Kwinin na zazzaɓin sauro sananne ne wajen sa kunne ƙara, duk wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwansa zai ba da labari, amma nasa yakan wuce in an daina. Asfirin mai yawa ma haka. Allurar jentamaisin da 'yan uwanta su ne abin tsoro, don ɓarnarsu kan zauna, kuma ana yin su a wasu ɗakunan da ba likita. Ga wani abin dubawa: mai ciwon wuya yakan zauna kan diklofenak ko ibuprofen kullum, wata da watanni, su kuma an danganta yawan shansu da ƙarar kunne, ban da abin da suke yi wa ciki da ƙoda. Ba a ce mutum ya yanke maganin da likita ya ɗora shi a kai ba. Ya kwashi duk abin da yake sha, har na gargajiya, a leda ya kai a gani.

Na uku shi ne wanda mutane ba sa son ji, wato tsoro da rashin barci. Pawel Jastreboff ya bayyana wannan tun 1990: ƙwaƙwalwa tana watsar da sautin da ta ɗauka ba komai ba ne, ta riƙe wanda ta ɗauka barazana ne. Wanda ya sa a ransa cewa ƙarar nan alamar kurumta ce, ko hauka, ko an yi masa sammu, zai riƙa leƙa ta kowane lokaci, ita kuma tana ƙara girma. Barci ya ƙi, kafaɗu su ɗage, haƙora su cije cikin dare, wuya ya ƙage, wuyan ya sake ɗaga ƙarar. A nan ne ciwon wuya da ƙarar kunne suke ciyar da juna har a rasa wanda ya fara. Dare ne ya fi tsanani, musamman in aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ɗaki ya yi tsit. Ƙarar ba ta kurmantar da mutum, kuma ba alamar taɓin hankali ba ce. Addu'a tana kwantar da zuciya, kuma ba ta hana a je a auna ji.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, da ƙara ko babu: wannan a je asibiti a ranar, domin maganinsa yana aiki ne a kwanakin farko, bayan mako biyu damar ta ragu ƙwarai, kuma mutane da yawa suna ɓata kwanakin nan suna ɗiga mai. Ƙarar da ke bugawa daidai da bugun zuciya ita ma daban ce, tana iya zuwa daga hawan jini, ko ƙarancin jini kamar yadda ake gani ga masu ciki, ko matsalar jijiyar jini, kuma sau da yawa ana samun abin da za a gyara. Haka ƙarar da ta tsaya a kunne ɗaya tana ƙaruwa, ko ta zo da hajijiya mai kayarwa, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu da kasala a ƙafa tare da ciwon wuyan. Asibitin Komfo Anokye, Gee kamar yadda kowa ke kiransa, yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro da wurin auna ji, kuma awon ba zafi: a sa maka abin saurare, ka ɗaga hannu duk sanda ka ji sauti. Wanda damuwar ta kai shi ga tunanin hallaka kansa ya faɗa wa likita ko wani nasa a ranar, kada ya ji kunya.

In an duba ba a ga abin tsoro ba, sauran aikin na yau da gobe ne. Kada a kwana cikin tsit: fanka, ko ƙarar ruwan sama daga waya a ajiye gefe, ba a cusa iyafis ba, kuma a sa ta ƙasa da ƙarar kunnen kaɗan, don so ake ƙwaƙwalwa ta saba, ba a binne abin ba. A toshe kunne da abin toshewa na soso a wurin aiki da wurin biki, amma a cire da an fito, domin mai yawo da kunne a toshe duk yini yana ƙara wa ƙwaƙwalwa yunwar sauti ne. Wanda jinsa ya ragu, na'urar ƙara ji takan rage ƙarar da kanta, sai dai inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan kuɗinta, kuma wadda ake sayarwa a kasuwa ba tare da awo ba tana iya ƙara ɓarna. Abin da ya fi kowanne hujja a bincike shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam a koyi sauya yadda ake ɗaukar ƙarar. Ba ya kashe sautin, yana rage azabarsa da rashin barcin.

Ƙwayoyin ginko da zinc da ake tallatawa, ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta ce tun 2014 kada a ba da su don wannan. Ataya kuwa an fi zarginta fiye da laifinta: wani gwaji a Bristol ta Ingila a 2010 bai ga amfanin yanke kafeyin ba, sai ciwon kai da ya jawo. Matsalarta ita ce zagaye na uku da ake sha da ƙarfe sha ɗayan dare, ya hana barci. Goro da cingam, mai ciwon muƙamuƙi ya rage. Akwai sababbin na'urori masu haɗa sauti da ɗan tartsatsin lantarki a wuya ko kunci ko harshe. Ta Susan Shore an gwada ta kan mutum 99 aka buga sakamakon a 2023, wata kuma mai suna Lenire ta sami izini a Amurka a shekarar, amma kuɗinta dubban daloli ne.

Wanda alamominsa suka yi kama da na mai ɗinkin nan, ya ba wuyansa mako shida na gaskiya bayan an auna jinsa: fisiyo, atisaye kullum, a ɗaga keke ko tebur, a kawo fitila gaba, a tashi a miƙe duk rabin awa, matashi ɗaya maimakon uku, waya a daidai ido. Kowane dare ya rubuta lamba biyu daga 0 zuwa 10 a bayan kalanda, ɗaya ta wuya, ɗaya ta ƙara. In lambobin suna sauka tare, ya ci gaba. In ta wuya ta sauka ta ƙara tana nan daram, ya daina kashe kuɗi a kan wuya saboda kunne, ya koma da kalandar wurin mai auna ji.